Kusurwa Goma Sha Huɗu

Sufeto bai zo bajekolin littattafan don aiki ba. Ranar hutunsa ce, kayan gida ne a jikinsa, kuma tun hantsi yake tsaye a layin rumfar masu rubuta labaran bincike. Marubuta biyar ne zaune bayan dogon tebur, kowa da tulin littattafansa da biro a hannu. Huɗu daga cikinsu hamma suke yi suna korar ƙuda. Layin duk na ta biyar ɗin ne, wata tsohuwa mai baƙin tabarau da masu karatu suke kira Inna.

Littafi goma sha ɗaya Inna ta fitar a kan wata nas mai ritaya, wadda take gano mai laifi kafin 'yan sanda su gama ɗaure takalmi. A kowane littafi akwai wani da yake turo wa nas ɗin wasiƙa ba suna, kuma shekara talatin ke nan mutane suna gardamar ko wane ne. Yau da ƙarfe huɗu za a karanta babin farko na littafi na sha biyu, wanda shi ne na ƙarshe, sannan Inna ta miƙa rubutun ga mai maɗaba'a.

Matar Sufeto ce ta jefa shi cikin wannan fitina. Ita take karanta masa littattafan da yamma yana cire takalmin aiki, sai ta rufe a tsakiya ta ce, "To, mai kaki, wa ya yi?" Ko sau ɗaya bai taɓa riga ta ganowa ba. Shekara uku da suka wuce, a gadon asibiti kafin ta rasu, ta rubuta sunan wanda take zargi da turo wasiƙun a 'yar takarda, ta ninke huɗu, ta cusa a cikin littafi na sha ɗaya.

"Kada ka buɗe sai na ƙarshe ya fito," in ji ta. "Ina so ka gani da idonka cewa na riga ka."

Littafin yana aljihunsa yanzu, takardar na ciki. Ita ce kaɗai maganar matarsa da ta rage bai ji ba, kuma kewarta ce ta tayar da shi tun da safe ta kawo shi wannan layi.

Ya riga ya sayi littattafai uku a rumfar da ke bakin ƙofa, don kada ya zo gaban marubuta hannu biyu. Saura mutum shida ya kai ga Inna sai hayaniya ta tashi a bayan tebur. Wata mai karanta labarai a gidan rediyo, wadda aka gayyato ta karanta babin, tana tsaye da ƙunshin takardu tana juya su da sauri.

"Babu komai a ciki!" take cewa. "Wallahi farar takarda ce tun daga farko har ƙarshe!"

Sajen da aka ajiye a bakin ƙofa ya kutso cikin taron yana haki. Yana ganin Sufeto ya ƙame, fuskarsa ta cika da murnar wanda aka sauke wa kaya.

"Yallaɓai, Allah ne ya kawo ka."

"Hutu nake, Saje."

"Na sani, Yallaɓai. Amma an riga an shigar da ƙorafin sata, ga ɗan tsohuwar can ya ce sai an rufe ƙofofi."

Sufeto ya dubi layin da ya ɓata rabin yini a ciki, ya taɓa aljihunsa, ya ce a ba shi ɗaki.

Aka ba shi wani ƙaramin ofis a bayan ɗakin taro, inda ake tara kujerun roba. Inna ta shigo riƙe da hannun wata siririyar mata mai furfura, wadda take rungume da baƙin akwatin tafureta a ɗaya hannun. Ita tafuretar tana can waje a kan tebur, an baje ta mutane suna ɗaukar hoto da ita.

"Inna, ki yi haƙuri, sai na yi miki tambayoyi. Kwafi nawa ne rubutun?"

"Ɗaya tilo, ɗan nan. Tun da aka taɓa fallasa mini ƙarshen wani littafi na rantse ba ni ba kwamfuta. Ni in faɗa, ƙanwata ta buga." Ta matse hannun matar. "Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma shekara talatin kullum ƙarfe takwas tana ƙofar gidana. Idona ya tafi, ita ce idona."

"A ina kike ajiye shi?"

"A jakar hannuna. Yau da safe ma na duba, yana nan lafiya lau."

Sufeto ya dubi baƙin tabarau ɗin.

"Za ki iya sake rubuta shi?"

Inna ta girgiza kai. "Kaina ya fara zubar da abubuwa. Jiya sai da na tambayi sunan jikata. Wannan littafin da ƙyar na kai shi gaɓa, in ya tafi ya tafi ke nan."

"Za mu iya, Yaya," in ji mai tafureta da sauri. "Na tuna fiye da rabi. In mun zauna shekara ɗaya za mu maido shi."

"Malama, ke kin bar jakar a wani wuri?"

"Ban taɓa ta ba yau. Ɗanta ne ya riƙe."

Da suka fita Sufeto ya zauna da ƙunshin. Takarda ce sabuwa fil, irin wadda ake samu a kowane shago, an ɗaure ta da jan zare. In rubutun nan bai dawo ba, takardar aljihunsa ta zama amsar tambayar da ba wanda zai sake yi.

Saje ya shigo da marubucin da ke zaune kusa da Inna a tebur, wani dogo mai rataye da gilashi a wuya da kowa yake kira Farfesa, ko da yake ba wata jami'ar da ta san da shi.

"Ka taɓa jakar Inna?" in ji Sufeto.

"Ni? Haba, Yallaɓai. Littafi bakwai na rubuta a kan masu laifi. Da zan yi sata ai ba za ku gane ba sai bayan shekara."

"Wannan ba amsa ba ce. Mai sayar da ruwa ta ce ta ga hannunka a cikin jakar wajen ƙarfe goma sha ɗaya."

Ba wata mai sayar da ruwa da ta ce haka, amma Farfesa ya fara goge gilashinsa da bakin riga.

"Sakawa na yi, ba cirewa ba."

"Me ka saka?"

"Littafina." Ya sunkuyar da kai. "Tun safe guda biyu na sayar, ɗaya ma surukina ne ya saya. Na ce ko za a karanta mata, ta ce wani abu a kaina, ko da kalma ɗaya ce. Littattafanta ne suka sa na fara rubutu, Yallaɓai. Shekara ashirin ina neman hanyar gaishe ta, yau an zaunar da ni kusa da ita bakina ya mutu."

Saje ya duba jakar, ga littafin kuwa, har da sa hannu da addu'a mai tsawo.

"Ka ga ƙunshin a lokacin?"

"Na gani. Kafin nan ma na ga ta ciro shi ta ɗora a cinya, tana bin gefensa da babban yatsa a hankali, leɓenta na motsi. Ta yi murmushi ta mayar. Na ɗauka addu'a take yi masa."

Sufeto ya sallame shi, ya ɗauki ƙunshin ya bi gefensa da yatsa. A kusurwar sama ta dama ya ji yatsan ya faɗa wani ɗan giɓi. Ya ci gaba, ya sake jin wani. Da ya buɗe sai ya ga an datse kusurwar shafin da almakashi, yanka ƙarami bai kai farce ba.

Ɗan Inna injiniya ne, a wani gari mai nisa yake aiki, kuma ya shigo da wayoyi biyu duk suna ƙara.

"Jakar ba ta bar hannuna ba," in ji shi.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ta yaya Farfesa ya cusa littafinsa a ciki?"

Injiniya ya ja tsaki. "Na ɗan fita amsa waya. Masu kwashe kaya ne, sun rasa yadda za su fitar da kabad ɗinta. Minti ashirin, ko talatin."

"Kwashe kaya kuke yi?"

"Jibi za mu tafi. Ba zan bar uwata makauniya ita kaɗai a wancan gida ba. Shekara biyu tana ce mini sai ta gama littafi, sai ta gama littafi. To an gama."

"Malamar da take buga mata fa?"

"Gwaggo? Ai aiki ya ƙare. Mun yi mata godiya, mun bar mata tafuretar da kujeru biyu." Ya faɗe shi da zuciya ɗaya, kamar mai ba da labarin alherin da ya yi.

Sufeto ya tura masa ƙunshin. "Me ya sa aka datse waɗannan kusurwoyi?"

Injiniya ya juya shafin sama da ƙasa. "Ina zan sani? Ƙila daga shagon haka take."

"Ka karanta littattafan mahaifiyarka?"

"Na fara na farko," in ji shi, wayarsa ta sake ƙara.

Bayan ya fita Sufeto ya ƙirga giɓin ɗaya bayan ɗaya. Goma sha huɗu ne, kuma ba a jere daidai suke ba. Wani tsakani shafi ashirin da biyu, wani tara, na ƙarshe shafi uku kacal. Saje yana tsaye yana kallonsa.

"Yallaɓai, in rufe ƙofofin a caje jakunkuna? Mutum ya fi dubu, kuma kowa da leda cike da takarda."

"Bar ƙofofin a buɗe. Kira mini Inna da ƙanwarta."

Suka dawo yadda suka fita, hannu cikin hannu, akwatin tafuretar na rungume. Ƙarfe uku da rabi ta wuce, ana jin lasifika a ɗakin taro tana ba mutane haƙuri.

"Inna, ɗazu kin ce kin duba rubutun da safe. Da me kika duba?"

Ta ɗaga babban yatsanta tana dariya. "Da wannan. Tun da idona ya fara lalacewa ƙanwata take datse kusurwar shafin farko na kowane babi. In na bi gefen sai in san inda nake. Kullum da safe sai na ƙirga su, kamar mai ƙirga kaji."

"Babi nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Na ƙarshen mai tsawo ne?"

"Shafi uku. Gaskiya ba ta buƙatar surutu da yawa."

"Wa ya san wannan tsari naku?"

"Ba kowa. Kafin a kai maɗaba'a takan sake buga waɗancan shafukan, don ba na son a san idona ya mutu har haka. Wannan karon ne kawai na ce a bar su, tun da na ƙarshe ne. Ko ɗana bai..."

Inna ta tsaya. Hannunta yana cikin na mai tafureta har yanzu, amma yatsun sun saki.

Sufeto ya ɗora ƙunshin a cinyarta. Ta bi gefen da yatsa, leɓenta na motsi, har ta kai goma sha huɗu.

"Ɓarawon da ya samu minti ashirin a cikin taro ba ya zama da almakashi," in ji Sufeto a hankali. "Ba zai san babi na shida shafi tara ne ba. Wannan ƙunshin ba don idon mutane aka yi shi ba, don yatsan mutum ɗaya aka yi shi. Kuma ba yau aka canza ba. An so ya kwana biyu a jakarki ba ki gane ba, sai an zo inda mutum dubu za su raba zargin." Ya juya. "Malama, tafuretarki tana waje. Me kike rungume da shi tun safe a akwatin da babu komai?"

Mai tafureta ba ta yi musu ba. Ta sauke akwatin a kan kujera, ta buɗe maɓallan biyu. Rubutun yana ciki, an naɗe shi da tawul mai tsabta, jan zarensa a ɗaure.

"Ɗakina yana yoyo," in ji ta. "Ban iya barinsa can ba, kada ruwa ya sauko."

"Me ya sa, ƙanwata?" in ji Inna.

"Ranar Laraba muka buga kalmar ƙarshe, Yaya. Kika ce alhamdulillahi, ni ma na ce. Ranar Alhamis na tashi na yi wanka na ɗaura ɗankwali, sai da na kai bakin titi na tuna ba abin da zan buga. Na zo duk da haka, na tarar ana naɗe labule." Ta share ido da bayan hannu. "Shekara talatin. Mijina ya rasu, washegarin kwana arba'in ina kujerar nan. 'Ya'yana sun watse, ina kujerar nan. Ban san yadda ake yin ƙarfe takwas na safe a wani wuri ba. Na ce in littafin ya ɓata dole ki zauna mu sake. Shekara ɗaya kawai nake so. Da mun gama sai in ce an tsinto shi."

"Kika bar ni ina ƙirga farar takarda kwana biyu ina murmushi."

"Ban so hankalinki ya tashi a gida ba."

"Ya tashi a nan, gaban mutane." Inna ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Idanun farare ne, sun cika da ruwa. "Ke wawiya ce. Kina tsammanin ni na san yadda zan yi ƙarfe takwas a gidan ɗana? Babi na tara sau huɗu na sa ki sake bugawa. Kin ɗauka laifi ne da shi?"

Saje ya juya yana duban kujerun roba kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

Sufeto ya yi aiki shekara ashirin da shida, ya ji dalilan ɓarayi kala-kala, bai taɓa jin wanda ya shige shi kamar wannan ba. Shi ma shekara uku yana cewa littafi yake jira. Yau da ya ga rubutun a naɗe cikin tawul sai ya gane rabin zuciyarsa ba ta so a same shi ba, don ranar da ya buɗe takardar nan matarsa ta gama magana.

Amma aiki aiki ne. "Malama, an shigar da ƙorafi, sai kin bi Saje caji ofis kin ba da bayani. In mai kaya ta yafe, wannan kuma a can za a rubuta."

"Mai kaya tana biye da ita," in ji Inna. "A ba mai rediyo ta karanta, ɗana ya miƙa wa maɗaba'a, ya taɓa yi wa littafin wani amfani. Zancen jibi kuma, ni da shi za mu zauna."

Saje ya ɗauki rubutun da hannu biyu ya kai ɗakin taro. Kafin ya dawo Sufeto ya ciro littafin aljihunsa, bangon duk ya ƙoƙe, ya ce ko Inna za ta sa masa hannu. Mai tafureta ce ta ɗora yatsan Inna a inda za ta rubuta, kamar yadda ta saba. Garin haka 'yar takardar ta zamo ta faɗo.

"Ta matata ce," in ji shi, ya gaya musu labarin a taƙaice. Sannan ya yi abin da bai shirya yi ba, ya miƙa wa mai tafureta. "Ke kin san ƙarshen. Kada ki faɗa mini sunan. Ki duba kawai."

Ta buɗe ninkin huɗu, ta matso da takardar kusa da ido. Ta raɗa wa Inna a kunne. Inna ta bugi cinyarta.

"Kai! Shekara talatin ba wanda ya canka, har masu digiri. Ɗan nan, matarka ta fi ka iya aikinka."

"Ta sha gaya mini," in ji Sufeto.

Mai tafureta ta mayar da ninkin yadda yake, ta ba shi. "Akwai layi biyu a ƙasan sunan," in ji ta. "Da na ga farkonsu na ɗauke ido. Waɗannan ba na littafin ba ne."

Saje ya leƙo ya ce mota tana ƙofar baya. Mai tafureta ta ɗauki akwatinta da ya zama fanko, ta miƙa hannu, Inna ta kama. Saje yana gaba, mai laifi tana biye tana gaya wa mai kaya inda matakala take, "Uku ne, Yaya, a hankali."

Daga ɗakin taro muryar mai rediyo ta fara karanta babin farko, taron ya yi tsit. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa da takardar a tafin hannunsa. Mai maɗaba'a ya sanar cewa littafin zai fito nan da wata huɗu. Sufeto ya mayar da takardar tsakiyar shafuka, ya sa littafin a aljihun ƙirjinsa, ya nemi kujera a layin baya ya zauna, ya bar kujerar da ke kusa da shi babu kowa.